Cikin Yaya Bai Taɓa Motsi Ba

Mijin yayata marigayiya ne ya kira ni a waya kwanakin baya. Ya tsufa yanzu, muryarsa har rawa take, kuma ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Mai littafi, kin kunna rediyo kuwa? Maganin nan da likita ya ba mu labari, shi ake magana a kai. Ashe ba su daina nemansa ba."

Na ce masa na ji. Na ji kuwa, ina zaune ina tsintar wake lokacin da shirin lafiya ya kawo batun. Wai masu bincike a ƙasashen waje suna ɗaukar ƙwayar cuta irin wadda ake kira bairos, dangin masu kawo mura da ƙyanda, su sauya mata hali, su rage mata dafi, sannan su saka ta a jikin macen da daji ya kama wa ƙwan haihuwa, ta je ta far wa dajin ta ƙyale lafiyayyen nama. Har yanzu gwaji ake yi, in ji mai bayanin.

Yana jiran in taya shi murna. Na ce masa na bar tukunya a wuta, na kashe wayar. Sai daga baya na lura na juye waken da na tsince a cikin wanda ban tsince ba, domin wani fushi da na zaci ya daɗe da hucewa ya taso min.

Shi ya sa min suna Mai littafi, tun ina budurwa. A ƙarshen shekarun tamanin littattafan soyayya suka fara shigo mana Kiru, a ƙasan kayan masu zuwa Kano sari, suna yawo daga hannu zuwa hannu har bangon ya fita. Ni kuwa ba wanda ya wuce ni. A cikinsu na koyi yadda ya kamata duniya ta kasance. Namijin kirki yana gane abin da ke damun masoyiyarsa tun kafin ta buɗe baki. In ta kwanta ciwo ya sure ta sai asibiti. Kuma duk wahalar da aka sha a tsakiya, shafin ƙarshe da sauƙi yake zuwa. Da na ɗaga kai daga takarda ina neman irin wannan namijin a kusa da mu, mijin Yaya na gani.

Bafillacen Burumburum ne, dogo, mai sanyin magana, gidansu ana kiwo ana noma. Ya auri Yaya tun ina firamare. Shekaru suka yi ta wucewa ba haihuwa, ko ɓari ba ta taɓa yi ba, amma ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga mata murya a kan haka. In ya kawo ta ganin Inna, da ƙwaryar man shanu yake zuwa, ya tsaya a zaure yana tsokanata.

"Mai littafi, yau kuma wa ya auri wa?"

"Kai dai je ka ji da shanunka, su kaɗai ke jin yarenka."

Ya yi dariya, Yaya ta rufe baki da gefen mayafi tana kallonsa. Ni kuma in koma ɗaki in ce a raina, ga su nan, sak na cikin littafi.

Danginsa ba su da irin haƙurinsa. Ba zagi, ba duka, abin a cikin ƙananan abubuwa yake. A gidan suna Yaya ce mai daka, ita ce mai wanke-wanke, "ke da ba ki da goyo, taimaka mana". Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, ta taɓa faɗa a gabana, tana tsiyayar nono ko kallon Yaya ba ta yi ba, cewa su a garkensu saniyar da ta ƙi haihuwa kasuwa ake kai ta. Yaya ta ci gaba da shara kamar ba ta ji ba. Ni da nake ƙanwarta na yi aure nan cikin Kiru, na haihu, na sake haihuwa. Ita ta zo ta wanke min 'ya'yan, ita ta goya su.

Sai a tsakiyar shekarun casa'in, da faɗuwar damina, aka fara raɗe-raɗi. Cikin Yaya ya tasa. Ungozomar ƙauyensu ta shafa ta ce ciki ne. Ba wanda ya furta a fili, domin cikin fari ba a maganarsa, balle a wajen Fulani inda kunya ta ninka tamu. Sai murmushi, sai addu'a a ciki-ciki. Na yi kukan murna ranar da labarin ya iso min. Na ce to, ga shafin ƙarshe ya zo.

Da aka lissafa ciki ya tsufa, aka kawo ta gidanmu goyon ciki, yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Mahaifinmu ya rasu tuntuni, gidan a hannun Inna yake. Mijin Yaya ya fara kawo itacen wankan jego a bayan akori-kura duk ranar kasuwa, manyan gumagumai na marke da ƙirya, yana jera su da kansa a jikin katanga har tarin ya kusa kai kanta. Inna ta sayi kanwa, aka daka yaji, aka fito da babbar tukunyar dafa ruwa aka kife ta a gefe tana jiran ranarta.

Ranar da na je na zauna da ita sosai, murnata ta tsaya. Na haihu, na san mai ciki. Mai ciki takan cika, fuska da ƙirji da hannu duk su nuna. Yaya kuwa cikin ne kawai ya yi gaba, sauran jikin yana komawa baya. Ƙashin wuyanta ya fito. Warwaron da ke matse mata hannu da yana zamewa har gwiwar hannu. Loma kaɗan za ta yi ta ce ta ƙoshi. Cikin ma ba a dunƙule yake ba. Ya baje, yana sheƙi, in ta juya ya bi ta ya kwanta gefe guda kamar salkar ruwa.

Na sami Inna a madafi.

"Inna, anya kuwa?"

"Anya me?"

"A kai Yaya asibiti a duba ta. Wannan ramar ba ta mai ciki ba ce."

Ta ajiye muciya ta juyo.

"Ke, rufe min baki. Abin da aka yi shekara da shekaru ana roƙo, ya zo, ke ce za ki yi masa baki? Ke da kike da naki gaba da baya, nata guda ɗaya ne ya tsone miki ido?"

Uwar da ta haife ni ce ta faɗa min haka. Na fita daga gidan, na kwana biyu ban leƙa ba, sannan na koma, domin Yaya tana ciki.

Wata tara ya cika ya wuce. Ungozomar unguwarmu ta zo ta shafa, ta jinjina kai, ta ce cikin kwanciya ya yi. A wajenmu kowa ya san zancen kwantaccen ciki: wai ɗa yakan yi barci a cikin uwa, ya daina girma, ya shekara ko ya fi, sai an tashe shi. Kowace tsohuwa tana da labarin wata mata a Doguwa ko Ɗansoshiya da cikinta ya kwanta shekaru, ta zo ta haifi namiji har da haƙora. In ka tambayi sunan matar, sai a ce a wajen wata aka ji. Sai aka shiga tashin ciki. Jiƙe-jiƙe, sassaƙe-sassaƙe, hayaƙi safe da yamma. Yaya tana sha tana amai, ana cewa ɗan ne yake juyi. Malamin da ke yi mata rubutu, abokin mahaifinmu, shi kaɗai ya ce rubutu bai hana asibiti ba, a haɗa. Inna ta ce to Malam, ba ta yi ba. Dada kuma ta aiko daga Burumburum cewa kada a kuskura, mutanen asibiti farke ciki za su yi su ciro ɗan da bai tashi ba. Na je wajen baffanmu, ya ce wannan maganar mata ce, shi ba zai sa baki a cikin 'yarsa ba.

Wata rana da hantsi ina yi mata kitso a gindin darbejiyar tsakar gida. Gashinta mai yawan nan yana biyo matsefi. Inna ta shiga maƙwabta. Na sunkuya dab da kunnenta.

"Yaya, tsakaninki da Allah, ya taɓa motsi?"

"Ke wai ba ki da kunya ne?"

"Ba ni da ita. Ya taɓa motsi?"

Ta ce, "Ni na san yadda motsin yake? Na taɓa yi ne?"

Na kama hannunta na ɗora a cinyata, na ɗan harba da yatsa daga ƙasa, na ce haka yake yi, wani lokaci kamar kifi ya yi wutsil, wani lokaci har ki ga gwiwarsa ta taso. Ta kalli hannunta.

"A'a. Nauyi dai nake ji nan ƙasa, kamar an ɗora min dutsen niƙa. Da ciwo."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ya taso."

"To me ya hana ki faɗa?"

Abin da ta ce min har gobe ina jinsa da muryarta. Ta ce ranar da ungozoma ta ce ciki ne, ta dawo daga rijiya, Dada ta taso da kanta ta sauke mata tulu daga ka, ta shimfiɗa mata tabarma, ta ce zauna 'yata.

"Tunda na shiga gidan nan ba ta taɓa ce min 'yata ba. Ki bar ni in ɗan ƙara zama a haka. Kuma kada ki gaya masa."

Ban yi mata alkawari ba. Na ƙarasa kitson. Mace mai hankali, mai sallah, an bi ta da ƙananan maganganu shekara da shekaru har ta gwammace a kira ciwonta ciki, don a ba ta tabarma.

Washegari na roƙi mijina izini, na hau bas zuwa Kwanar Ɗangora, na sake wata mai bin hanyar Tudun Wada, daga bakin titi na hau achaɓa zuwa rugarsu. Duk hanya ina tsara yadda abin zai kasance. Zan faɗi magana ɗaya, sandarsa ta faɗi daga hannunsa, ya riga ni zuwa bakin titi, kafin la'asar muna Kano. Har na ga yadda zai ɗauke ta cak ya sa a mota. Haka aka saba yi a littafi, kuma shi ne jarumina.

Na same su a garke, shi da 'yan'uwansa, hannu duk jini. Ciwon huhu ne ya shigo wa shanu. Ɗaya ta mutu da asuba, sun feɗe ta, sun yanko huhunta ƙanana-ƙanana sun jiƙa a ƙwarya. Sai su kayar da lafiyayyiya, su tsaga mata fatar karan hanci, su cusa ɗan yankin huhun, su sake ta, su kamo wata. Na tsaya ina kallo har ya hango ni.

"A'a, Mai littafi! Yau a ruga? Lafiya dai?"

"Me kuke yi musu?"

"In aka ɗanɗana musu kaɗan daga cutar, jikinsu ya san ta, babbar ba za ta kayar da su ba. Haka muka taras iyayenmu na yi."

"Ai waɗannan lafiyarsu ƙalau."

"Shi ya sa mana. In ka jira sai saniya ta kwanta, ka makara. Jiya na ji tari a garke, yau ga mu."

Duk abin da na tsara a hanya ya watse. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba.

"Jiya ka ji tari, yau ka kama wuƙa. Yaya fa? Wata nawa tana narkewa a gabanka, itace kake kawo mata? Saniya ta fi ta ke nan?"

"Haba Mai littafi, a gaban mutane?"

"Ka taɓa tambayarta ko abin ya motsa?"

"Subhanallahi. Ana tambayar wannan?"

"Ni na tambaya. Bai taɓa motsi ba. Ko sau ɗaya."

'Yan'uwansa suka sunkuyar da kai suka ja gefe, ba don nauyin labarin ba, don nauyin rashin kunyata. Dada ta fito daga bukka ta ce littafi ya cinye wa yarinyar nan kai, a ba ta fura ta sha ta koma gidan mijinta. Shi kuwa ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallon ƙasa. Sandar ba ta faɗi ba. Can ya ce, a hankali, bari a gama da shanun nan, a kawar da amfanin gona, sai a gani.

Ban sha furar ba. A kan achaɓa na yi kukana, mai mashin yana ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Ranar kasuwa ta zagayo, ya zo da wani itacen. Na tsaya a bakin zaure ina kallonsa yana saukewa, ya kasa haɗa ido da ni. Aka yanke gero, aka yanke dawa. Sai da ta kai Yaya ba ta iya kwanciya, a zaune take numfashi an tokare ta da matashi, ƙafafunta sun kumbura ba sa shiga takalmi, sannan aka ɗauko mota. Ranar ba wanda ya nemi izinin Dada, ba wanda ya ambaci kwantaccen ciki. Inna ce ma take cewa direba ya yi sauri.

A wani babban asibiti a Kano aka soka mata allura a ciki aka haɗa da roba. Ruwa ya fara fita, rawaya-rawaya, kwalba ta cika a sake wata. Ina tsaye ina kallon cikin da aka tara wa itace yana saɓewa, har fatar ta yamutse. Yaya ta yi numfashi mai tsawo, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba, sannan ta juya fuska bango. Da labari ya kai ruga, Dada ta ce ga irinta nan, sun tsiyayar mata da ɗa.

Likitan saurayi ne, Bahaushe, gajiya a fuskarsa. Bayan gwaje-gwaje ya fito da mu baranda, ni da mijin Yaya. Ya ce ba ciki ba ne, kuma ba a taɓa samun ciki ba. Daji ne ya kama mata ƙwan haihuwa, ya bazu a cikin cikinta, shi ke tara ruwan. Ya ce wannan ciwo ɓoyewa gare shi, ko an zo da wuri ba a cika baki. Amma da an zo tun tana iya cin abinci da tafiya da ƙafarta, da an yi aiki, da akwai abin da za a gwada. Yanzu jikinta ba zai ɗauka ba.

Mijin Yaya ya dafa bango.

"Likita, duk faɗin duniyar nan babu wata dabara?"

Ina jin likitan don ya ba shi wani abin riƙewa ya faɗa. Ya ce ya karanta cewa a ƙasashen waje an fara binciken wata hanya, a ɗauki ƙwayar cuta a sauya ta, a tura ta ta yaƙi daji.

Fuskar mutumin nan ta washe kamar an kunna fitila.

"Cuta a kan cuta? Ai mu ma haka muke yi wa shanu!"

Ya shiga yi masa bayanin huhu da karan hanci, har da nuni da hannu. Likitan ya saurare shi har ya gama.

"Ba ɗaya ba ne, Malam. Naku rigakafi ne. Wannan horar da ƙwayar ake so a yi, kamar yadda kuke horar da sa ya bi kunya da garma, ta bi dajin kawai ta bar sauran jiki. Kuma ba a gama ba. Ko a can ba magani ba ne tukuna, bincike ne."

"To a aiko da ita ko ba a gama ba. Ina da shanu."

Na dube shi. Ni da na shiga mota na bi shi har garke, na zubar da mutuncina a gaban danginsa, na gaya masa abin da matarsa ta faɗa da bakinta, ya ce sai an kawar da amfanin gona. Amma maganin da ba wanda ya taɓa gani, a ƙasar da bai san sunanta ba, kafin likita ya rufe baki ya gaskata. Na ce, "Yanzu ne kake da shanu?" Likitan ya ce mu rage murya, akwai marasa lafiya.

Aka sallame mu da maganin rage ciwo, muka dawo Kiru, ɗakin da aka share don jego. Daga nan mijin Yaya ya ɗauki wata sabuwar hanya. Ya bar garke a hannun ƙannensa, duk bayan 'yan kwanaki sai ya hau mota zuwa Kano, ya tsaya a ƙofar likitan nan har ya fito, ya tambaye shi ko an aiko. Likitan ya gaya masa ba abin da za a aiko. Ya ce to, Allah ya kai mu wani satin. Ni da nake jin haushinsa, ni ma in na zauna a gefen Yaya sai in tsinci kaina ina hango jirgi ya sauka, wani ya fito da 'yar kwalba a cikin ƙanƙara, an tambayi hanyar Kiru. Na taɓa gaya mata, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ke da shi littafi ɗaya kuke karantawa. Ɗauko min na gasken ki karanta min, ya fi."

Ita da ba ta taɓa kula littattafaina ba, a kwanakin nan ta saurari da yawa. In na zo inda aka raba masoya, sai ta ɗaga min yatsa.

"Tsallake wahalar. Kai ni inda aka ɗaura aure."

Ruwan ya sake taruwa. Wata safiya mijinta ya shigo da shirin tafiya, ya durƙusa a bakin gadon. Ina zaune ina ba ta koko a cokali. Ta ce masa, ba tare da ta damu ina wurin ba, "Ka zauna yau."

"Yanzu zan dawo. Wa ya sani, ko yau a dace."

Ya tafi. Kafin azahar Yaya ta cika, kanta a cinyata, Inna tana yi mata kalmar shahada. Lokacin ba waya, ba yadda za a same shi. Aka ce a ɗumama ruwan wanka. Wata maƙwabciya ta je jikin katanga ta jawo gungumen marke daga tarin nan, ta juyo tukunyar da aka kife ta ɗora. Da itacen jegonta aka dafa ruwan da aka wanke ta. Da la'asar sakaliya mijinta ya sauka daga mota, ya tarar maza sun dawo daga maƙabarta suna zaune a ƙofar gida. Da itacen aka yi wa masu zaman makoki abinci har aka watse, kuma bai ƙare ba. Inna ta daɗe tana girki da shi.

Dada ta zo gaisuwa da matan ruga. Ta zauna a tabarma ta share hawaye, na yarda hawayen gaske ne, sannan ta ce Allah ya ji ƙanta, ita da abin da ke cikinta. Mata suka ce amin. Na miƙe a tsakiyar ɗaki.

"Babu komai a cikinta sai ciwo. Ba a taɓa samun komai ba. Ku kuka saka mata shi da bakinku, ku kuka hana a cire."

Inna ta fizgo zanena ta zaunar da ni, aka ce zafin mutuwa ne, a yi min uzuri. Ba zafin mutuwa ba ne. Da hankalina na faɗa, kuma da za a sake tara su da na maimaita.

Na daɗe ban taɓa littafi ba bayan nan. Da na koma, sai na ga in jarumi ya sure masoyiyarsa ya yi asibiti da ita, rufe littafin nake in tashi in nemi aiki. Abin da ya bi ni kuma shi ne tambayar nan. Duk macen da ciki ya taso mata a danginmu, 'ya ko suruka ko jika, sai na ja ta gefe na tambaye ta ko ya motsa, kuma ko an je an duba. Har suna suka sa min a kai, wai goggo marar kunya. Su faɗa.

Ranar da mijin Yaya ya kira ni, sai bayan la'asar na iya kiransa. Ya ɗauka da sauri, ina jin kukan maruƙa a bayansa.

"Na ji shirin. Allah ya sa su dace, mata su amfana."

"Amin. Kin ga, Mai littafi, da a ce yanzu ne abin ya faru, wataƙila da tana nan."

"Da a ce yanzu ne, da ka tambaye ta ko ya motsa?"

Ya ce, "Ni da nake gane saniya marar lafiya tun daga nesa, kina jin ban ga wuyanta ba? Ban ga hannunta ba? Amsar nake tsoro."

Shekara da shekaru ina ba shi uzuri ɗaya tak, cewa bai gani ba. Yanzu shi ma ya karɓe. Ya kira sunan da ya sa min sau biyu, ban amsa ba. Na ajiye wayar a kan tabarma, muryarsa tana fitowa ƙasa-ƙasa, na jawo faifan waken nan na fara tsinta daga farko.